Misuzu da Mai Goyon Rediyo

Muryarsa ta fara ji kafin ta ga fuskarsa.

Misuzu na saukowa ne daga Unguwar Sama, inda ta kai wa kakarta magani da busasshen kifi. Hazo ya sauko kan dutsen har bishiyar da ke gabanta ma da ƙyar take ganinta. Sai ta ji namiji yana magana shi kaɗai a cikin daji, yana jera wasu haruffa da lambobi, ya yi shiru, ya sake jerawa.

Ta tsaya cak. Ba mai bin hanyar nan sai tsofaffin unguwar da masu yankan katako, kuma ta san muryar kowannensu. Wannan baƙuwar murya ce.

Can sai ga wani abu dogo siriri ya huda hazon yana layi. A ƙarƙashinsa mutum ne da jaka a goye, wata igiyar waya na jan ƙasa a bayansa kamar wutsiya.

Ihu ta kurma, ta wurga masa abin da ke hannunta. Kwanon abincin Kaka ne, ya kuwa same shi a kafaɗa.

"Wayyo! Tsaya, tsaya, mutum ne!" Ya ɗaga hannu sama. Sannan ya kai bakinsa kan ɗan makirfon da ke maƙale a ƙirjinsa. "Kawu na Hokkaido, dakata min kaɗan, an jefe ni da kwano."

Muryar wani tsoho ta fito daga jakar, yana ƙyaƙyata dariya. "Da abinci a ciki ko wayam?"

Sai a lokacin ta gane shi. Shunpei ne, sabon direban ƙaramar bas ɗin da ke zagaya kwarinmu na Aodani, wanda aka ce daga Osaka ya zo. Ya ɗauko kwanon, ya goge shi da hannun riga, ya miƙa mata da hannu biyu yana sunkuyar da kai. Dogon abin ya sunkuyo tare da shi har ya kusa tsone mata ido.

"Mene ne wannan?" ta tambaya.

"Sandar kamun kifi ce. Na ɗaura mata waya ta zama eriya. Rediyon yana cikin jaka, irin wanda ake magana a amsa ne. Ina tafiya ina kira, duk wanda ya ji ni a duniya sai mu gaisa."

"Ba ka da wayar hannu ne?"

"Ina da ita. Amma ita sai ka san wanda za ka kira."

Ya rako ta har gindin dutse. A hanya ya lura ba ƙasa take kallo ba kamar kowa. Sama take kallo, gefen dutsen da ke bisa kansu, ko tsakuwa ta gangaro sai ta zabura. Bai tambaye ta ba.

Washegari da bas ɗinsa ta tsaya a ƙofar shagon mahaifinta, ta leƙo ta ajiye masa curin shinkafa naɗe da ganye mai tsami a gefen sitiyari, ta juya da sauri. Da rana saƙonsa ya shigo, don ya kwafi lambar shagon daga jikin allon ƙofa.

"Kafaɗata ta ce in gode miki. Ta ce in haka ake biyan diyya, a shirye take a sake jifanta."

Misuzu ta karanta ta kifa wayar a kan kanta, kunnuwanta sun yi zafi. Sai da yamma ta ba shi amsa daga tata lambar.

"Mai Sanda, ka daina tsorata mutane a daji."

Daga nan abin ya kama. Ranar hutunsa sukan bi bakin kogi, shi da goyonsa, ita tana riƙe masa wutsiyar wayar kada ta sarƙe a ciyawa. Ta ji masunta daga Kyushu, ta ji wata malamar makaranta daga Koriya tana haɗa kalmomi da ƙyar. Rannan ya miƙa mata makirfo, ta noƙe.

"Ai ba a yarda ba sai mai lasisi," in ji shi, "gwada ki kawai nake. Amma jarrabawar ba wuya, Mi-chan. Yara ma suna ci."

"To ni yarinya ce?"

"Ke 'yar ƙararrawata ce. Murya irin taki a ce ba ta shiga iska? An cuci duniya."

Ta yi karatun a ɓoye a bayan kanta, ta je birni ta rubuta, ta ci. Ranar da lambar kiranta ta fito, shi ne mutum na farko da ya amsa mata, yana tsaye a tsallaken gada inda take ganinsa sarai, yana ɗaga mata hannu kamar wanda ke wata ƙasa.

Amma tsoro bai bar ta ba. Wata rana da zafi, yana kan dutse, sararin sama ya yi baƙi ƙirin ta yamma. Ta fito ƙofar shago tana rubuta masa saƙo.

"Shun, hadari ya taso. Sauke sandar nan."

"Shun?"

"Ka amsa min ko da harafi ɗaya ne."

Tsawa ta faɗi a kan dutsen, tagogin shagon suka amsa. Ta durƙusa a bayan kanta ta toshe kunne. Ruwa ya zuba, ya tsagaita, ya sake zuba, wayar shiru. Har ta sa takalmin ruwa za ta fita sannan wayar ta yi ƙara.

"'Yar ƙararrawata, na naɗe sanda tun walƙiyar farko, ina fake a rumfar masu katako. Sabis ne babu. Kuka kike?"

"A'a."

"Ƙarya."

"To ina yi. Sai me?"

Da ya sauko, jiƙe sharkaf, ta zaunar da shi a bencin tashar bas ta gaya masa abin da kowa a Aodani ya sani amma ba a faɗa. Tana da wa, Kazuma. Shekarar babban ruwa ya hau duba tsofaffin Unguwar Sama, gefen dutse ya zaftaro a kansa. Tun daga ranar ko kujera aka ja da ƙarfi sai ta firgita.

Shunpei ya matso kusa da ita. Ya kama hannunta ya riƙe.

Da lokacin kaka ya kama, ya sa kwat ɗinsa ɗaya tilo, ya ɗauki kwalin alewa, ya je gaida mahaifinta. Tamaki Gensaku mutum ne mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. Ya bar saurayin durƙushe a kan tabarma har ƙafafunsa suka mutu. A kusurwar ɗakin hoton Kazuma ne, turare na hayaƙi a gabansa. Mahaifiyar Misuzu ta kawo shayi, kofunan na ƙara a kan faranti.

"An ce kana yawo a duwatsu da sandar da ke kiran tsawa," in ji Gensaku.

"Ina sauke ta da zarar na ga hadari, Tamaki-san. Ina lura ƙwarai."

"Ɗana ma yana lura. Ya fi ka sanin dutsen nan, a kansa aka haife shi. Cewa ya yi bari ya je ya dawo, a ajiye masa abinci." Ya juya ya kalli hoton. "Hularsa aka kawo min."

Ya juyo ya dubi Shunpei.

"Ba ni da kowa sai ita. Ba zan zauna in ga tana tsaye a ƙofa tana kallon hanya yadda uwarta ta tsaya ba. Ɗauki alewarka."

Akwai wanda Gensaku yake so. Yoshiki, abokin marigayi Kazuma, mai injin yanka katako, kuma ɗan kwana-kwanan sa-kai na ƙauye. Ba mugu ba ne. Ya daɗe yana son Misuzu shiru-shiru, yana gyara musu rufi, yana kawo musu itace, yana jiran ranar da za ta dube shi. Sai ga baƙo da sandar kifi ya zo ya wuce gabansa.

A tashar bas Shunpei ya yi mata alkawari. "Ba zan ƙara hawa da rediyo ba sai Baba ya yarda. Ko shekara nawa ne."

"Za ka iya?"

"Ba zan iya ba. Amma zan yi."

Ba a jima ba Yoshiki ya shigo shago, ya ajiye wayarsa a kan kanta ba tare da ya kalle ta ba. "Jiya na ɗauka daga wurin aikinmu. Ban so in nuna miki ba, amma gara ki sani."

Hoton mutum ne a kan ƙoƙuwar dutsen da ke kallon Unguwar Sama, doguwar sanda a bisa kansa, gajimare na taruwa a baya.

Ta shige ɗaki ta rubuta masa.

"Ka yi min alkawari kana riƙe da hannuna. Wane ne wannan?"

"Ni ne. Akwai dalili, amma sirrin wani ne, ba nawa ba. Ki ba ni lokaci kaɗan, Mi-chan."

"Na riga na jira mutum ɗaya bai dawo ba. Ba ni da ƙarfin na biyu. Kada ka ƙara kirana da sunan nan."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Bas ɗinsa takan tsaya a ƙofar shago fiye da ƙa'ida, injin na aiki, har fasinjoji su fara gyaran murya, sannan ta wuce.

Ana cikin haka guguwar teku ta nufo mu. Lasifikar ƙauye ta yi ta shela a koma makarantar firamare. An tura mota ta kwaso tsofaffin Unguwar Sama, suka ƙi saukowa, Kaka Tome, kakar Misuzu, ce kan gaba. "Na ga guguwa tun ubanka bai san hanyar makewayi ba," ta ce wa wanda aka aika, ta rufe ƙofarta.

Da gari ya waye, kogi ya zama ruwan kunu, yana tafe da itatuwa da rufin gidaje. Babu wuta, babu sabis, wayar ƙasa ma ta mutu. Titin da ke hawa Unguwar Sama ya ɓace, inda yake dā sai jan tabo a jikin dutse. Ba wanda ya san ko akwai mai rai a can.

A zauren wasannin makaranta mutane na zaune kan barguna. Gensaku na tsaye a taga, ya kafa wa dutsen ido. Shugaban 'yan kwana-kwana ya ce ya samu birni ta rediyon motarsu, amma jirgi ba zai tashi ba sai iska ta lafa, kuma garuruwa da yawa ke jira. Za a fara da inda aka tabbatar akwai masu rai.

Ƙofa ta buɗe, Shunpei ya shigo da jakarsa a goye. Kai tsaye wurin Gensaku ya nufa, ya sunkuya.

"Tamaki-san, akwai ƙaramin rediyo a hannun Kaka. Ni na kai mata."

Gensaku ya juyo a hankali.

"Ita ta tare bas ɗina ta roƙe ni. Ta ce in wani abu ya faru tana son ta iya kiran mutane. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba, wai in kun ji tana tsoro za ku sauko da ita dole. Ranar da aka ɗauke ni hoto, gwadawa nake in ga daga ina ake jinta. Ba ya kaiwa nan, dutse ya tare. Sai daga ƙoƙuwa. In na bi tsohuwar hanyar ƙafa na isa can, zan ji ta, ku kuma ku ji ni."

Misuzu na tsaye da tulin barguna a hannu. Suka zube ƙasa.

"Ba za ka je ba," ta ce. "Shun, ba za ka je ba. Na yarda, na ji, ni ce ban saurare ka ba. Kada ka je."

"Akwai mai ciwon zuciya a cikinsu, Misuzu. In suna raye, ba za su iya jira a gama da kowa ba."

Yoshiki ya miƙe daga inda yake, fuskarsa ta yi ja. Ya saɓa igiya a kafaɗa, ya ɗauki hular kwano biyu, ya cilla wa Shunpei ɗaya. "Ba ka san hanyar ba, ɗan birni. Wuce mu je."

Kafin su fita Shunpei ya haɗa wani rediyon da batirin mota a kan teburin malamai, ya ɗaura eriyarsa a tagar bene. A duk kwarin mutum biyu ne suka iya irin wannan rediyon, shi da Misuzu. Ya sa mata makirfon a hannu, ya naɗe yatsunta a kai.

"Zan riƙa magana ina tafiya. Duk abin da na faɗa ki gaya wa shugaba. Muddin kina jina, lafiya nake."

"In na daina jinka fa?"

Ya gyara goyonsa ya fita.

Da farko muryarsa tar take fitowa. Ya faɗi lambar kiransa, ya kira tata. "Mun wuce gonar shayi. Hanya na nan, sai dai santsi. Gare ki."

"Ina jinka sosai. Gare ka."

Mutane suka taso daga barguna suka kewaye teburin. Tana jin hakinsa, tana jin takalmansu na tsotsar laka, da ƙarar ruwa ta ko'ina. Gadar katako ta tafi, sun tsallaka ta kan itacen da ya faɗi. Sandar ta maƙale a reshe, sai da ya rage mata tsawo. Duk sanda ya saki maɓalli sai rediyon ya koma shuuu, ita kuma ta daina numfashi har ya dawo.

"Mi-chan, kina nan?"

Ta manta cewa ta hana shi sunan. "Ina nan. Yi ta magana."

"Me zan ce? Yoshiki ya ce tafiyata kamar ta agwagwa."

Wasu suka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan. Gensaku ya baro taga, ya zo ya tsaya a bayan 'yarsa.

Muryar ta fara raguwa, tana nutsewa tana tasowa. "Mun zo inda dutse ya tsage. Ruwa na fitowa daga ƙasa, ja ne. Akwai wani wari, kamar an tone kabari." Ya yi shiru yana haki. "Yoshiki ya ce mu ratsa da sauri. Misuzu, ina jin wata ƙara daga sa..."

"Gudu!" Muryar Yoshiki ce, daga nesa.

Sai shuuu.

Ba ta rediyo suka ji sauran ba. Da kunnuwansu suka ji, wani gurnani mai tsawo daga cikin dutse, daɓen zauren ya yi rawa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Wata mata ta fasa kuka. Mahaifiyar Misuzu ta sulale ƙasa.

Misuzu ta danna maɓalli. Ta faɗi lambarsa yadda ya koya mata, ta faɗi tata, ta ce, "Gare ka." Shuuu. Ta sake. Ta sake. A karo na gaba haruffan suka tarwatse a bakinta.

"Shun. Shun, ka amsa. Ka ce muddin ina jinka. Ba na jinka, Shun."

Babu komai sai iska. Ta ci gaba da kira har muryarta ta dushe, babban yatsanta ya ƙage a kan maɓallin. Ta taga ana ganin ƙura ja tana tashi daga bayan itatuwa.

Wani babban hannu ya karɓe makirfon. Gensaku bai taɓa riƙe irinsa ba, sai da ta danna masa.

"Kazuma!" ya yi tsawa. Ya tsaya cak. Duk zauren aka sunkuyar da kai. "Shunpei. Yoshiki. Ku amsa min. Ni ne. Ku amsa min, 'ya'yan nan, kada ku yi min haka."

Ya saki maɓallin. Shuuu. Tsohon ya dafa tebur da hannu biyu, kansa ya sauka.

Sai wani ƙas-ƙas. Sannan wata murya siririya, kamar daga ƙasan rijiya.

"...na jinku. Muna jinku. Ku yi haƙuri, sandar ce ta karye. Yoshiki ne ya hau kututture yana riƙe min wayar sama." Tari ya sarƙe shi. "Shi ya fizgo ni ta igiyar jaka. Ƙafata ta tsage amma tana takawa. Mu biyun muna nan."

Misuzu ta kifa goshinta a kan tebur tana kuka mai sauti. Gensaku ya danna maɓallin da kansa.

"Ku juyo. Yanzu."

"Babu baya, Tamaki-san. Ta tafi. Gaba kawai ta rage."

Haka suka ci gaba, mu kuma muna bin su da kunne. Yanzu sai sun tsaya Yoshiki ya ɗaga wayar sannan a ji su, don haka shirun ya fi na dā tsawo. Kowane shiru sai Misuzu ta ji kamar shi ne na ƙarshe. Mahaifinta ya jawo kujera ya zauna a gefenta, ya ɗora hannunsa a bayanta, abin da rabonsa da yi tun tana ƙarama.

"Mun iso ƙoƙuwa," in ji Shunpei daga ƙarshe. Muryarsa ta sauya. "Ina ganin unguwar. Gidan Kaka... rabinsa na cikin ƙasa. Bari in kira ta."

Suka ji shi yana kira a wani ƙaramin rediyo irin na Kaka. "Kaka Tome, Kaka Tome, Shunpei ne. Danna jan maɓallin ki yi magana." Shiru. Ya sake kira. Gensaku ya rufe ido.

"Ku saurara," Shunpei ya ce da sauri, ya kara musu makirfon.

"Sai yanzu?" Muryar tsohuwa ce, a fusace. "Tun da safe nake danna abin nan kamar mahaukaciya! Ka ce min yana aiki!"

Zauren ya kaure. Wasu na tafi, wasu na kuka, shugaban 'yan kwana-kwana na ihu a yi shiru. Kaka ta ce tun jiya da ta ji warin ƙasa ta tattara kowa, har da mai ciwon zuciyar da suka turo a baro, suka haye ɗakin ajiya na wurin bauta. Duk suna raye. Maganinsa ne ya ƙare, kuma sanyi ya kama su.

"Gensaku na nan?" ta tambaya. "Ka ce masa kada ya soma min surutu."

Gensaku ya yi dariya hawaye na bin kumatunsa.

Shugaba ya sanar da birni. Da iska ta lafa bayan rana ta karkata, jirgi mai saukar ungulu ya zo, Shunpei na faɗa wa Misuzu inda fili yake, ita tana faɗa wa shugaba, shi yana faɗa wa matuƙi. Aka kwashe tsofaffin, aka ɗauko samarin a sawun ƙarshe.

A filin makaranta Shunpei ya sauko yana ɗingishi, laka tun daga gashi har ƙafa, guntun sanda na leƙowa daga jakarsa. Misuzu ta ruga, ta tsaya a gabansa, ta rasa abin yi, sai ta shiga dukan ƙirjinsa da hannu biyu.

"Mugu! Mugu kawai!"

"Na'am, 'yar ƙararrawata."

Yoshiki ya wuce ta gefensu yana kwance igiya. "Ki riƙe shi da kyau," ya ce ba tare da ya tsaya ba. "Nauyi gare shi, ba zan sake ɗaga shi ba."

Bayan an buɗe hanya, ƙafar ta warke, Gensaku da kansa ya shiga bas. Ya zauna a kujerar bayan direba har ƙarshen layi, sai da kowa ya sauka sannan ya yi magana.

"Har yanzu ina tsoro. Kada ka zaci ya tafi."

"Na sani, Tamaki-san. Ni ma ranar na ji shi."

"Za ka ci gaba da hawa?"

Shunpei ya riƙe sitiyari da kyau. "In kun yarda."

"In na hana ka, ba kai ba ne mutumin da take so." Ya ja numfashi. "Sharaɗi ɗaya. Za ka ajiye min irin abin nan a shago. Duk inda ka sa ƙafa ina jinka."

"Sai kun yi jarrabawa, Baba."

"Jarrabawa? Ni?"

Ya kuwa yi ta. Ya faɗi a karon farko, ya hana kowa tayar da zancen, ya koma ya ci.

Da yammar ranar da Gensaku ya shiga bas ɗin ne saƙo ya shigo wa Misuzu.

"Mi-chan, Baba ya yarda. Saura ke. Ba zan iya yi miki alkawarin ba za ki ƙara jin tsoro ba. Amma ba za ki ƙara jinsa ke kaɗai ba. Za ki aure ni?"

Ta karanta, ta rubuta masa amsa.

"Ba a tambayar wannan a waya, Mai Sanda. Zo ƙofar shago ka ji da kunnenka."

An ɗaura auren da bazara, furanni sun rufe bakin kogi. Misuzu ta fito cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, tana taku ƙanana, mahaifiyarta na riƙe da hannunta. Ango da amarya suka kurɓi giyar shinkafa daga ƙoƙo ɗaya a gaban dangi. Yoshiki ne ya yi jawabin abokan ango, ya yi gajere, ya zauna ya ci abinci fiye da kowa.

Da aka zo kan manya, Kaka Tome ta ƙi a kama ta, ta miƙe da sandarta. Ta dubi ango, ta dubi amarya.

"Ni ba na iya dogon zance," ta ce. "Ku ci tare, ku yi faɗa da rana ku shirya kafin a kwanta. Ku haifa min wanda zan goya kafin bayana ya gama lanƙwashewa. Ku tsufa har ku gaji da juna, ku kuma kasa rabuwa."

Gensaku ya tashi zai yi nasa. Sai ya kama hannun 'yarsa ya sa a cikin na Shunpei, ya haɗa su ya riƙe da nasa biyun, ya sunkuya ƙasa sosai, ya daɗe bai ɗago ba.

Mu da muka halarta muka ce madalla. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa duk wanda ya fita daga gidan nan da safe ya dawo ya tarar da abincinsa da zafi.